Wasiƙa daga Jakarta: Kaya da Hidimomin Indonesiya a Ma'aunin Ɗan Kasuwar Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga Kawu Alhaji, tare da gaisuwa da girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyali da abokan zama na Kantin Kwari. Bayan haka, kun umarce ni da in rubuto muku bayani a kan yadda kaya da hidimomi suke a wannan ƙasa ta Indonesiya idan aka auna su da namu na gida, domin ku san abin da ya cancanci a saro da wanda bai cancanta ba, kuma domin yaran da suke ɗokin biyo sahuna su san inda za su sa ƙafa.

Ba za a fahimci farashin komai a nan ba sai an fara fahimtar yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar. Tsibirai ne fiye da 17,000 da suka bazu a kan teku, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanensu sun kai miliyan 270, amma fiye da rabinsu suna cunkushe ne a tsibiri ɗaya tak, wato Jawa, inda Jakarta take, wanda faɗinsa bai kai na jihohin Neja da Borno idan aka haɗa su ba. Abin da ya sa ɗan wannan wuri yake iya ciyar da wannan taro shi ne duwatsu masu aman wuta, waɗanda fiye da 120 daga cikinsu suna raye a faɗin ƙasar. Suna halaka mutane, kamar yadda Krakatau ya yi a 1883 da Merapi a 2010, amma tokar da suke zubarwa ita ce takin gonakin, kuma ga ruwan sama a wadace, shi ya sa manomi yake iya girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara daga fili ɗaya. Sakamakon haka, duk abin da yake tsirowa daga ƙasa yana da sauƙi, duk abin da yake buƙatar fili mai faɗi kuwa, kamar kiwon shanu ko gida mai tsakar gida, yana da tsada ƙwarai.

Wannan ya bayyana ƙarara a kwanon abinci. Shinkafa ce safe da rana da dare, ana cinta da ganye da kifi da ƙwai da dakakken barkono, da awara wadda ta zama abincin kowa, da wani curin waken suya da ake bari ya kwana biyu ya haɗe jikinsa kafin a yanka a soya. Talaka yana cika cikinsa da kuɗi kaɗan a rumfunan abinci da suke kowane lungu, kuma a gidajen abincin mutanen Padang, wani birni a tsibirin Sumatra, ana jera wa baƙo ƙananan faranti masu yawa, ya biya kuɗin abin da ya taɓa kawai. Naman shanu kuwa abin marmari ne, domin ana shigo da shanu a raye daga Ostireliya, da daskararren naman ɓauna daga Indiya. Tsirensu na kaza ne ko na akuya, ƙanana a tsinke, ana zuba masa miyar gyaɗa mai zaƙi a maimakon ƙuli-ƙuli da yaji, kuma da wuya wanda ya saba da tsiren Kano ya ƙoshi da shi. Da Babbar Sallah akasarin mutane akuya suke yankawa, ko mutum bakwai su haɗu a kan sa guda, kuma raguna irin Uda da Balami da ake gani a kasuwar Wudil ba su da tamka a nan. Babu fura da nono, babu kuka, babu daddawa, babu goro. Gero kuwa sai a kasuwar tsuntsaye nake samunsa, domin mutanen Jawa masu son kiwon tsuntsaye masu waƙa ne, kuma a wurinsu abincin tsuntsu ne. Mai sayarwa yakan tambaye ni irin tsuntsun da nake kiwo da yake cinye wannan awo haka.

Abubuwa biyu ne suka fi tsaya mini a rai game da kayan masarufinsu, kuma dukkansu suna da alaƙa da mu. Na farko shi ne taliyar Indomie, wadda yawancin yaranmu suke ɗauka ta Nijeriya ce, alhali kamfanin Indofood na nan ne ya mallaki sunan, ta shiga kasuwarmu tun ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka kafa masana'antunta a Ota da Fatakwal da Kaduna. Abin lura shi ne Indonesiya ba ta noman alkama, domin yanayinta bai dace da ita ba. Sayowa take yi daga Ostireliya da wasu ƙasashe, ta niƙa a manyan injinan da ke bakin tashar jiragen ruwa, ta sarrafa, sannan ta sayar wa duniya. Na biyu shi ne kwakwar manja, wadda asalinta daga Afirka ta Yamma ne. A 1848 Turawan Holan suka dasa tsiro huɗu nata a lambun binciken tsirrai na Bogor, kudu da Jakarta, kuma yau Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa samar da man, yayin da Nijeriya, wadda ta taɓa zama a sahun gaba, take sayowa daga waje don cike giɓinta. Su ba sa cin jan manja irin namu, tacewa suke yi ya zama farin man girki, sauran ya tafi sabulu da biskit da man mota.

Sai dai ban ce a yi sha'awar wannan nasara ido rufe ba. An sare dazuzzuka masu yawa a Sumatra da Kalimantan, wato ɓangarensu na tsibirin Borneo, don dasa kwakwar, kuma a 2015 da 2019 hayaƙin ƙona daji ya rufe garuruwa har ya tsallaka Malesiya da Singafo, aka rufe makarantu. Bugu da ƙari, a farkon 2022 mata sun yi dogayen layuka suna neman man girki a ƙasar da ta fi kowa samar da shi, saboda farashin waje ya fi na gida daɗi ga masu kamfanoni, har sai da gwamnati ta hana fitar da shi na 'yan makonni. Wanda ya taɓa kwana a layin fetur a ƙasar da take haƙo ɗanyen mai ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Kayan ƙamshi su ne suka fara jawo wa waɗannan tsibirai baƙi. Kanumfari asalinsa daga ƙananan tsibiran Maluku ne, irin su Ternate da Tidore, gyaɗar ƙamshi kuma daga tsibiran Banda, kuma saboda su kamfanin Turawan Holan da aka kafa a 1602 ya mamaye Jakarta a 1619 ya sa mata suna Batavia, sannan a 1621 ya karkashe akasarin mutanen Banda don ya mallaki cinikin shi kaɗai. Mulkin Holan bai kau ba sai bayan da Sukarno, shugabansu na farko, ya shelanta 'yancin kai a ranar 17 ga Agusta 1945, aka kuma yi shekaru huɗu ana gwabzawa. Yau kanumfari da kirfa da citta da masoro suna da kyau da yawa a kasuwa, amma kada ku zaci kanumfarin zai yi arha kamar yadda ake tsammani, domin akasarinsa yana tafiya ne cikin tabar sigarinsu, wadda ake haɗawa da shi, kuma mazan ƙasar nan suna cikin waɗanda suka fi kowa shan taba a duniya. Itacen turare na oud da ake kawowa daga dazukan Kalimantan da Papua yana da kasuwa a wurin matanmu masu haɗa turaren wuta, amma cinikinsa na masu ido ne, domin ana jiƙa itace marar daraja da mai a sayar wa baƙo da sunan na asali.

Yanzu bari in zo kan tufafi, wanda na san shi ne kuka fi so ku ji. Kasuwar Tanah Abang, wadda aka kafa tun 1735, ita ce Kantin Kwarinsu, sai dai tana cikin manyan benaye ne masu hawa da yawa, da na'urar sanyaya wuri da matakala masu tafiya da kansu, kuma kowane hawa yana da irin kayansa. 'Yan Afirka ta Yamma sun daɗe suna saro kaya a cikinta, har akwai masu shaguna da suka san girman jikin mutanenmu da launukan da muke so. Abin da na ga sun fi mu a kai shi ne ɗinki na gama-gari: kayan yara, dogayen riguna na mata, hijabai, mayafai, sallaya da huluna. Ana ɗinka su ne a ƙananan masana'antu na iyali a kewayen Bandung da Tasikmalaya da Pekalongan, kuma idan ka ba da samfuri guda ka ce a yi maka dozin ɗari, za su fito iri ɗaya, ba tare da hannun wata riga ya fi na wata tsawo ba. Telanmu ya fi nasu iya aikin wuya da na babbar riga nesa ba kusa ba, amma telan da wuta take ɗauke masa sau da yawa a yini ba zai iya yin alkawarin dozin ɗari a mako ba. Shadda kuwa ba su san ta ba, leshi ma ba nasu ba ne, don haka kada a aiko mini da saƙonsu.

Yadin da suke alfahari da shi shi ne batik, kuma ya kamata kowane mai sayar da atamfa ya san labarinsa, domin shi ne kakanta. Mace takan zauna da ɗan ƙaramin mazubi na tagulla mai bakin tsinke, tana zana narkakken kaki a kan farin yadi, sannan a tsoma shi a rini, inda kakin ya rufe ya ƙi kama launi, a kankare a sake zanawa a sake rinawa, har yadi ɗaya ya ci watanni. Akwai mai sauƙi da ake bugawa da hatimin tagulla, akwai kuma na inji wanda shi ne na talaka. A ƙarni na 19 Turawan Holan suka ƙera injin da zai kwaikwayi wannan aiki don su sayar wa mutanen Jawa da arha, amma mutanen Jawa ba su karɓe shi sosai ba, sai kayan suka sami kasuwa a gaɓar tekun Gana ta yau, daga nan suka bazu har suka zama atamfar Holan da ake sa wa a lefe. Hukumar UNESCO ta sa batik cikin kayan gadon duniya a 2009, ma'aikata da yawa suna sa shi ranar Juma'a, shugaban ƙasa yana karɓar baƙi da shi, kuma wannan ya raya garuruwa irin su Solo da Yogyakarta da Cirebon. Duk lokacin da na ga haka nakan tuna marinar Ƙofar Mata, wadda aikinta na baba bai gaza nasu a tsufa ko a kyau ba, amma masu zuwa ɗaukar hoto sun fi masu zuwa saye yawa. Ina ganin batik na hatimi zai karɓu a wurin matanmu idan aka zaɓi zane marar hoton tsuntsaye da dabbobi, sai dai a lura cewa ana yanka shi ne kimanin mita biyu, ba turmi mai yadi shida ba, don haka sai an yi oda ta musamman.

Kada kuma ku ɗauka masaƙunsu suna cikin kwanciyar hankali. Kayan Sin masu arha sun cika kasuwa kamar yadda suka cika tamu, ciniki ta waya ya rage masu shiga Tanah Abang har gwamnati ta dakatar da kasuwancin TikTok na wani lokaci a 2023 bayan koken 'yan kasuwa, kuma a farkon 2025 katafaren kamfanin saƙa na Sritex da ke kusa da Solo ya rufe, ma'aikata fiye da 10,000 suka rasa aiki. Wanda ya san abin da ya sami masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Bompai zai gane alamun. Saboda haka duk kayan da aka ce muku na Indonesiya ne, a duba da kyau, domin wasu daga Guangzhou suka biyo ta nan.

Ta fuskar hidimomi, abin da na lura shi ne sun iya yanka abu ƙanana daidai aljihun talaka, kuma su tabbatar ya isa hannunsa kullum. Wutar lantarki a Jakarta ba ta cika ɗaukewa ba, har mutum ya manta da janareta, ko da yake a tsibirai masu nisa ba haka abin yake ba. Ana sayen ta da kati kamar namu, amma kowane gida yana da iyakar ƙarfin da ya yi rajista, daga wat 450 zuwa 900 zuwa 1,300 da sama, mafi ƙanƙanta gwamnati tana tallafa masa, kuma idan ka haɗa dutsen guga da tukunyar dafa shinkafa suka wuce iyakarka, mita za ta yanke da kanta. Tun 2007 gwamnati ta raba wa gidaje murhu da ƙaramar tukunyar gas koriya mai kilo 3 don a bar kananzir, kuma yau ana canza wannan tukunya a kowane ƙaramin shago, har mai tura amalanken soya ayaba da ita yake aiki. Litar fetur mai tallafi rupiya 10,000 ce tun Satumban 2022, a ƙasar da dala ɗaya take wuce rupiya 15,000 na kuɗinsu, kuma wani ɓangare na ɗanyen man da suke tacewa daga Nijeriya suke sayo shi. Biyan kuɗi kuma ya zo da sauƙi, domin tun 2019 babban bankinsu ya haɗa dukkan bankuna da manhajoji a kan tambari ɗaya da ake haskawa da waya, wanda ko mai sayar da shayi a bakin titi yana manne da shi, ba a tsayawa jiran alat ya shigo.

Ruwa ne inda suka gaza. Ba a shan ruwan famfo, kowane gida yana sayen babbar gora mai lita 19, kuma saboda bututun gwamnati bai kai ko'ina ba, gidaje da otal-otal da masana'antu sun yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse har ƙasar birnin ta fara nitsewa. A arewacin Jakarta akwai unguwannin da suke ƙasa da teku, bango kawai ya raba su da shi, kuma a Muara Baru akwai masallacin da ruwa ya riga ya cinye, yana tsaye a cikin teku. Wannan yana cikin dalilan da suka sa shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, ya sanar a 2019 cewa za a mayar da babban birni Kalimantan, inda ake gina sabon birni mai suna Nusantara. Da damina, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ambaliya takan shiga gidaje, sauron da ke kawo zazzaɓin dengue yakan yawaita, kuma laimar iska ba ta barin komai ya bushe. Babu hunturu ko kaɗan, kuma takalma da jakunkunan fata da na zo da su daga Kurmi sun yi fumfuna a cikin akwati, abin da ya kamata mai niyyar kawo kayan fata nan ya yi la'akari da shi.

Cunkoson ababen hawa a Jakarta ya fi na Legas ban haushi a wasu lokuta, har an kafa dokar da take ba motoci masu lamba mara da masu lamba cika ranakunsu daban a manyan tituna. Amma akwai mafita ga marar mota: bas ɗin TransJakarta mai layinsa na musamman, wanda ya fara aiki a 2004, rupiya 3,500 ne duk nisan tafiya, jirgin ƙasa na kewayen birni yana farawa daga 3,000, an buɗe na ƙarƙashin ƙasa a 2019, kuma tun Oktoban 2023 jirgi mai gudun kilomita 350 a awa yana kai mutum Bandung cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai A Daidaita Sahu shuɗaye masu amfani da gas. Acaɓa kuwa, wanda aka hana a Kano tun 2013, su ba su hana ba, sai suka sa shi cikin manhaja: Gojek da Grab suna nuna maka sunan direba da lambar babur da kuɗin tafiya kafin ka hau, ya miƙo maka hular kwano, kuma shi ne zai kai maka abinci ko magani ko samfurin yadi daga wannan shago zuwa wancan. Lafiya ma tana da irin wannan tsari, domin tun 2014 akwai inshorar ƙasa wadda mai ƙaramin aji yake biyan rupiya 35,000 a wata, ya fara daga asibitin unguwa kafin a tura shi babba, ko da yake layi yana da tsawo, masu hali kuma suna tsallakawa Penang ta Malesiya ko Singafo. Hayar ɗaki wata-wata ake biya, ba shekara ba, amma ɗakin ƙarami ne, kuma wajibi ne baƙo ya gabatar da kansa ga shugaban layin unguwa.

Ta wajen addini ba za ku ji baƙunta ba, domin Indonesiya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan Musulmi, kuma Musulunci ya shigo musu ne ta hannun fatake kamar yadda ya shigo mana. Ibn Battuta, wanda ya ratsa Takedda ta ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya riga ya sauka a masarautar Samudra Pasai da ke Sumatra kimanin shekaru takwas kafin nan, ya tarar da su a kan mazhabar Shafi'i, wadda suke kai har yau. Za ku ji liman yana bayyana bisimilla, yana ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u. Kowace tashar jirgi da kasuwa da gidan mai suna da wurin salla mai tsabta da ruwan alwala, abinci yana ɗauke da tambarin halal na hukuma, sai dai a tsibirin Bali, inda Hindu suka fi yawa, da wasu yankunan Kirista, dole mutum ya tambaya kafin ya ci. Doka ta wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci ƙarin albashin wata guda kafin Ƙaramar Salla, shi ya sa cinikin tufafi yake tashi tun kafin azumi, farashi ya hau, masu ɗinki su daina karɓar odar waje. A aikin Hajji kuwa mu ne da sauƙi, domin duk da kujeru 221,000 da suke samu, mutum yakan ajiye kuɗinsa ya jira shekaru ashirin ko fiye kafin sunansa ya fito.

Game da yaran da suke son zuwa, ina roƙon ku gaya musu a fili cewa nan ba wurin neman aikin ƙarfi ba ne, domin suna da nasu matasan da suka ishe su, kuma jami'an shige da fice suna bin gidajen haya suna duba takardu, wanda bizarsa ta ƙare ana cin sa tarar kowace rana kafin a mayar da shi. Hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi kisa ne, an kuma zartar da shi a kan wasu 'yan Nijeriya a 2015 da 2016, abin da ya sa har yau mai koren fasfo yake shan tambayoyi a filin jirgi, kuma wasu masu gidaje suke ɗari-ɗari da ba shi haya. Kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da daga ɗan'uwa ne. Wanda zai zo karatu ko saro kaya da takardu cikakku zai tarar da mutane masu fara'a da sanyin murya, waɗanda ba sa son a ɗaga musu harshe wajen ciniki, kuma harshensu na ƙasa ba shi da wuyar koyo.

Shawarata a kan kwantenar da kuka ambata ita ce a cika ta da kayan yara da dogayen riguna da sallaya, a ƙara batik na hatimi kaɗan don gwada kasuwa, kuma a ba da oda aƙalla watanni huɗu kafin azumi, domin jirgin da ya tashi daga tashar Tanjung Priok sai ya sauke a wata tashar an canza masa jirgi kafin kayan su iso Legas, ban da jinkirin kwastan da tafiyar mota zuwa Kano. Idan za ku kira ni, ku tuna muna gabanku da awa shida, don haka bayan sallar Asuba taku shi ne lokacin da nake cikin kasuwa, inda zan iya nuna muku kayan ta waya ku zaɓa da kanku. A gaishe mini da Hajiya da su Yaya da dukkan mutanen gida. Wassalam.